Na Shida a Rosta

Mu shida ne muka faɗa noman shinkafa a fadamar bayan Kamazou, kuma a cikinmu mutum ɗaya ne kawai ya taɓa nomanta. Sauran biyar ɗin zare muka sani. Ni na yi shekara goma sha ɗaya a sashen saƙa na wata masaƙa a Kakuri, har ranar da muka je aiki muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Bayan nan na yi gadi, na yi lodi a tasha, na kasa gwanjo a bakin titi a Sabon Tasha, babu wanda ya riƙe mini gida. Shekaru sun ja a haka kafin Helima ya aiko in zo.

Helima ba sunansa na yanka ba ne, shi ne shugaban sashenmu a masaƙa, shi ya sa sunan muƙamin ya bi shi har waje. Mutumin Filato ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya rabuwa da biro a aljihun gaba. Shi ya shigar da ni aiki ina saurayi, domin cocinmu ɗaya da kawuna, shi ya koya mini ɗaure zare in ya tsinke ba tare da na tsayar da inji ba. A masaƙa Oga nake ce masa, a waje kuma Baba. Ban taɓa ganin ya makara ba, ban kuma taɓa jin ya ba wani haƙuri ba. Ina ƙaunarsa ina kuma tsoronsa, kuma har gemuna ya fara fari tsoron bai ragu ba.

Shi ya samo filin a wurin wani dattijon Gbagyi, wanda ya ba mu aro a kan mu riƙa ba shi wani abu daga amfanin. Filin dogo ne, ya taso daga tudu ya gangara har bakin Kogin Kaduna. Helima ya yanka shi gida shida, ya ce kowa ya zaɓa bisa shekarar da ya shiga aiki. Shi ya fara, ya ɗauki na can sama kusa da hanya. Ni ne na ƙarshen shiga masaƙa, don haka na ƙasa ya rage mini, wanda ke leƙen ruwa. Da na damƙi ƙasar na ga baƙa ce wuluk mai laushi, sai na hau murna, ina ganin na fi kowa sa'a. Mutumin Binuwai da ke cikinmu, wanda shi ne ya taso cikin noman shinkafa, ya dube ni ya ce, "Ka san abin da ya sa ta yi baƙi haka? Kogi ne ke kwana a kanta." Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce.

Aikin gayya muke yi, wato mu taru mu shida a gonar mutum ɗaya, mu gama mu koma ta na gaba. Manoman Gbagyi da ke maƙwabtaka da mu su ma suna yi, amma su gonar da ta fi matsuwa suke fara bi. Mu kuwa rosta muke da ita. Helima ya samo kwali, ya ja masa layi da rula, ya jera sunayenmu daga na ɗaya zuwa na shida, kowa kwana biyu. Ya sa kwalin a leda ya kafe a jikin bishiyar mangwaron da muke hutawa a gindinta. Ƙarfe bakwai ake fara aiki, sha biyu a huta rabin awa, ƙarfe biyar a tashi. Lahadi ba a aiki, ran Juma'a kuma ana sakin Malam, Musulmin da ke cikinmu, ya je masallaci ya dawo. Maƙwabtan nan in sun wuce sai su ce, "Ma'aikata, an shiga shifti?" Mu amsa musu da fara'a.

Ba zan ɓoye ba, rostar nan ta yi mini daɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana tashi da safe bai san inda zai nufa ba, in ya ga sunansa a rubuce, da rana da lokaci, sai ya ji ya koma mutum. Dukanmu haka muke ji, ko da yake ba mu taɓa faɗa wa juna ba. Shi ya sa ba wanda ya tsaya ya tambaya ko shinkafa ta san shekarar da aka ɗauke mu aiki.

Noman fadamar nan tsere ne da ruwa. Iri mai saurin nuna muke shukawa da ruwan farko, don mu yanke kafin kogi ya cika a Satumba. In ka zuba taki da safe aka yi ruwa mai ƙarfi da rana, takin ya tafi kogi, sai ka tsaya kana kallo. Gidajen da ake ta ginawa a sama sun toshe hanyoyin ruwa na da, don haka duk ruwan unguwa kanmu yake gangarowa, da leda da robobi da tsumma. In shinkafa ta fitar da kai kuma tsuntsaye su sauka, mu yini muna kaɗa gwangwani muna ihu kamar mahaukata. Duk da haka shekara biyu na farko mun samu. Kogi yakan hau gonata, amma bayan mun kwashe, kara kawai yake tararwa.

Alkama kuwa Malam ne ya kawo mana ita. Ɗan wajen Kura ne, ya taso yana ganin ana nomanta da rani, kullum yana yi mana kwatancen alkaki da finkaso har yawunmu ya tsinke. Ya ce in an kwashe shinkafa a Satumba, ƙasa ta tsane a Oktoba, to a tsakiyar Nuwamba a watsa alkama, a riƙa ba ta ruwa da inji. Ya kuma gargaɗe mu cewa sanyin Kaduna gajere ne, ita kuwa alkama da sanyi take cika ido, in zafi ya riske ta tana fitar da kai an yi aikin banza. Muka haɗa hannu muka sayi injin ban ruwa ɗaya na hannu, da mesa mai faci uku. Shi ma injin Helima ya yi masa tasa rostar.

A shekara ta uku ne ruwan sama ya makara. Mun yi kusan mako uku muna jira kafin mu shuka, saboda haka shinkafar ba ta nuna ba sai tsakiyar Satumba, kuma duk gonakin shida suka nuna a tare. Tawa ta fi ta kowa kyau. Zangarniya ta yi nauyi har ta sunkuya, in na ratsa sai in ji tana gogar cinyata. Abincin gidana ne na shekara, ni da matata da 'ya'ya huɗu, ba ni da wani abin da na dogara da shi bayanta. Muka fara yanka ran Laraba a gonar Helima, can kan tudu, inda ko ruwan ya haukace ba zai kai ba. Bisa rosta, sai Litinin ta biyu za a zo kaina.

Na kafa sanda a bakin gaɓa, na yi mata tsaga uku da wuƙa. Ran Asabar ruwa yana ƙasa da tsagar farko. Ran Litinin ya shanye ta. Ran Talata da safe ya wuce ta biyu, launinsa ya koma ja, yana tafe da rassan itace da kainuwa. Masu haƙar yashi da ke ƙasa da mu suka janye kwale-kwalensu suka ɗaure a tudu. Ranar muna gonar mutum na uku. Mutumin Binuwai ya matso kusa da ni muna yanka, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ga ruwan nan?"

"Na gani."

"To ka yi wa Oga magana mana. A juya layin, a fara da taka gobe. Tawa ce gobe, ni na yarda."

"Kai ka faɗa masa."

"Ni? Shekarar farko na faɗa, ka ji abin da ya ce mini, rosta rosta ce. Gonarka ce, bakinka ne. Abeg, don Allah kar ka yi wasa da ruwan nan."

Na ce masa zan yi magana in an tashi hutu. Da sha biyu ta yi muka zauna gindin mangwaro. Helima ya ajiye laujensa, ya gangara bakin kogi shi kaɗai, wai zai wanke fuska. Ina kallonsa daga inda nake. Ya tsaya a gaban sandata ya daɗe, hannu a ƙugu. Sannan ya hauro, ya zo ya tsaya daidai gabana, ya zuba mini ido. Na ɗaga kai na dube shi, maganar tana bakina. Sai na tuna shekara goma sha ɗaya ban taɓa neman a canza mini ko awa ɗaya ba, na tuna ni ne ƙarami, zan ce wa manya biyu su ja baya a ba ni wuri. Na kuma ce a raina, ai yana da ido, ya ga abin da na gani, in yana so ya faɗa. Muka yi ta kallon juna. Can ya duba agogonsa ya ce, "Lokaci ya yi, a koma aiki." Na ɗauka amsata ke nan, na tashi na ɗauki laujena.

Da na koma gida na ba matata labari. Tana tsince wake a tire, ta ajiye tiren.

"Ka tambaye shi ya ce a'a?"

"Ban tambaya ba, amma na ga fuskarsa."

"Fuska ka gani. To ni gobe zan je in tambayi bakinsa."

Na daka mata tsawa, na ce in ta kuskura ta je ta zubar mini da mutunci a gaban abokan aikina, ni da ita ne. Ta dube ni ta ce, "Mutuncin za mu dafa wa yara?" Ba ta je wurin Helima ba. Abin da ta yi shi ne, ran Alhamis ta rufe teburin ƙosanta, ta ari lauje, ta ɗauko wata ƙawarta daga cikin matan zumunta na cocinmu, suka shiga gonata ta can ƙasa suka fara yanka. Kwana uku suna yi, su biyu, suna kwaso dami a ka suna haurowa da shi tudu. Ni kuwa ina gonar na huɗu da ta na biyar, ina yankan shinkafar wasu, ina hango bayan matata a sunkuye. In an tashi ƙarfe biyar in gangara in taya su na ɗan lokaci. Yau in na tuna wannan sai kunya ta rufe ni. Babu igiya a ƙafata, babu mai rage mini albashi, ba abin da ya hana ni barin layin in tafi gonata sai kwalin nan da ke jikin mangwaro.

Ran Lahadi gari ya waye garau, ko gajimare babu. Ruwan a can garuruwan da kogin ya ratso aka yi shi, mu ba mu ga ko ɗigo ba. Mun fito daga coci ke nan, wajen sha biyu da rabi, dattijon Gbagyin nan ya kira ni a waya. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Ɗana, ka zo, ruwa ya shiga." Na tari keke mai ƙafa uku daga Sabon Tasha, da kayan cocin a jikina. Da na isa ban ga gonata ba. Ruwa ne shimfiɗe ja, sai kawunan shinkafa nan da can a gefen sama suna leƙowa, ana jimawa su ma su nutse. Sandata ko alamarta babu.

Abokan gayyata duk sun zo, ban san wanda ya gaya musu ba. Malam ya naɗe wandonsa, mutumin Binuwai ya tuɓe riga. Helima ya zo da kwat ɗinsa ta Lahadi, ya cire ya rataye a reshe, ya shiga ruwan da farar shat. Ruwa ya kai mini ƙugu, shi kuwa da yake gajere ne har ƙirji. Muna lalube da hannu a ƙarƙashin ruwa, in ka kamo zangarniya ka yanka ka jefa a buhu. Ƙafa tana nutsewa a laka, ruwan yana jan mutum. Ba mu yi awa biyu ba dattijon ya tsaya a gaɓa yana ɗaga mana hannu, ya ce mu fito, kogi ba abin yi wa taurin kai ba ne. Abin da muka tsamo bai cika buhu biyu ba, shi ma jiƙe sharkaf.

Muka tsaya a tudu ruwa na zuba daga jikinmu. Helima ya ɗauki kwat ɗinsa, ya yi gyaran murya, ya ce abin da ya saba faɗa duk ranar da za a tashi: "Gobe ƙarfe bakwai, gonar na shida." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To Oga, ku taho da kwale-kwale da koma, kifi za mu girbe." Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Na ce masa masaƙa ta mutu tuntuni, shi kaɗai ne ba a gaya wa ba. Na ɗauki laujena na kama hanya, Malam yana kirana ban waiwaya ba.

Ruwan ya fi mako a kwance kafin ya janye. Da na koma, shinkafar ta kwanta a laka, ƙwayar ta tsiro a jikin zangarniya, wurin yana wani irin tsami. Abin da matata da ƙawarta suka yanka shi muka buga a jikin ganga, muka shanya, shi muka ci har Kirsimeti, ana auna shi da gwangwani. Ko sau ɗaya matata ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na fita daga gayya. Na ce alkamar bana ni kaɗai zan yi, in nuna musu. Nan ma na yi wauta. Gonakin sama sun tsane tun Oktoba, tawa kuwa har Nuwamba ta shiga in ka taka sai ruwa ya tsattsafo. Da ta bushe kuma sai ga yashin da kogi ya shimfiɗa a rabinta, ya kai tsawon tafin hannu, dole a kwashe shi kafin a ja fangali. Aikin da mutum shida za su gama a kwana biyu, ni na yi sama da wata ina fama da shebur da kwano. Ina jin injinsu yana ƙara a sama, ina ganin gonakinsu sun yi kore. In mun haɗu da Helima a hanya sai in kau da kai, shi ma ya wuce.

Malam ya gangaro wata rana ya same ni. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, fushi kake da mutum ko da cikinka? Bari mu zo mu taya ka ran Asabar. In Disamba ta raba ba ka shuka ba, ka haƙura da alkama, ka sa alayyafo da albasa." Na ce masa na gode, ba na bukata. Ya ce injin ma ai da haƙƙina a ciki, sunana yana nan ba a goge ba. Na ce su riƙe. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya haura.

Sai bayan sabuwar shekara na watsa iri. Na riƙa ɗibar ruwa da bokiti daga kogi, wani lokaci wani mai lambu ya ara mini injinsa. Ta fito kyakkyawa, har na fara ɗaga kafaɗa. Tana fara fitar da kai zafi ya sauko, kamar yadda Malam ya faɗa. A Maris na tsinki zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu na hura, kusan duka ta tashi, 'yan ƙwayoyin da suka rage sirara ne a yamutse. Nasu ma ba wani abin kirki suka samu ba, alkama ba ta cika son ƙasarmu ba, amma sun kai wani abu gida. Ni kara na tara, wani mai awaki ya zo ya kwashe.

Bayan Ista ne matata ta dawo daga kasuwa da wata magana. Ta ce ta haɗu da matar Helima tana sayen shinkafa mudu ɗaya. Ta tambaye ta, "Mama, ku da kuka girbe, me ya haɗa ku da shinkafar kasuwa?" Matar ta ce tasu ta ƙare tun Fabrairu. Ta ce tun ranar da aka kawo amfanin gida mijinta ya raba shi biyu daidai, ya zuba rabi a ɗakin ajiya ya sa kwaɗo, makullin yana aljihunsa. In ta yi magana sai ya ce ba nasu ba ne, mai shi zai zo. Matata ta gama ba ni labarin, ta shiga ɗaki ta ɗauko takalmana ta ajiye a gabana, ta koma kan girkinta.

Na yi kwana biyu ina zagaye takalman nan. Ran Asabar da hantsi na sa su na tafi Mahuta wurin Helima. Gidansa ɗan ƙarami ne, ɗaki uku, ba a gama shafe bangon waje ba. Na same shi a kan benci a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya. Ya iyali?" Kamar jiya muka rabu. Bai ce in zauna ba, ya miƙe ya laluba aljihu ya ce, "Zo."

Yana buɗe ɗakin wari ya buge mu. Buhuna ne jere a kan siminti, ba katako a ƙarƙashinsu. Mutumin da ya san yadda ake jera dilar yadi ba ta taɓa ƙasa, ga shi ya jibge shanshera a dandaɓe wata bakwai, ɗaki a rufe, ba iska. Ɓeraye sun huda ta ko'ina, ƙaiƙayi ya bazu a ƙasa. Na sa hannu a buhun sama na ɗebo, ƙwari suna yawo a tafina. Na ƙasa kuwa danshi ya kama su, sun yi baƙi sun dunƙule.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun Satumba."

"Me ya hana ka aiko mini?"

"Da na aiko za ka karɓa?"

Na san da keken da ya kawo su zan mayar masa. Ya jingina da ƙyauren, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran Talatar nan na ga sandarka. Na san ruwan ba zai kai Litinin ba. Na zo na tsaya a gabanka ina jira ka buɗe baki. Kalma ɗaya nake so ka faɗa a gaban mutane, in juya layin a take. A masaƙa wa ya taɓa neman musaya na hana shi?"

Na ce, "To ai kai ne babba. Me ya sa ba ka juya da kanka ba?"

Ya ce, "Kowa ya san ni na kawo ka aiki. In na tsallake mutum biyu na kai ka gaba ba ka nema ba, sai a ce Helima ya fara son kai da tsufansa. Shekara talatin ba a taɓa faɗa mini haka ba." Ya ƙara da cewa, "Sunana na tsaya karewa, shinkafar yaranka ta tafi. Ka yi haƙuri."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba sai ranar. Na so in ce masa ni ma jiransa nake yi a gindin mangwaron nan, ni ma nawa sunan nake karewa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, a kawo tamfol."

Matarsa ta kawo, muka shimfiɗa a tsakar gida. Muka riƙa farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, muna ware mai kyau daga ruɓaɓɓiya, ita tana sheƙewa da faifai tana tsaki, tana cewa ba ta taɓa ganin manyan banza irinmu ba. Ba wanda ya musa mata. Wajen la'asar abin da ya tsira ya tsaya a buhu biyu da ɗan kai. Na ce a raba, ya ce in na sake faɗar haka zai ɓata mini rai.

Na tsayar da keke a bakin layi. Ya ce in kama buhun ta kai, shi ya kama ta gindi, yadda muke ɗaukar dila a da. Muka ɗaga. Ba mu yi taku uku ba na ji nauyin duka ya dawo kaina, na leƙa na ga ya cije leɓe yana ƙoƙarin kada in gane. A wata bakwan nan da na yi ina kau da kai in na gan shi, mutumin ya tsufa, ni kuwa ban sani ba. Na ce masa mu ajiye in gyara riƙo, muka ajiye. Na sunkuya na saɓi buhun a kafaɗa ni kaɗai, bai hana ni ba, ya biyo ni a baya a hankali har bakin keken.